Dandalin Kwamfuta: Gem ya tsaya cak, fuska ta yi baƙi, laifin wane ne?

Saƙonnin da suka fi yawa a 'yan makonnin nan sun fito ne daga arewacin Jihar Kaduna, wato Ikara da Paki da Makarfi da Hunkuyi da Kudan, kuma kusan duk kuka ɗaya suke yi. Wannan ya ce ana tsakiyar buga ƙwallo a PES sai hoto ya daskare. Wancan ya ce da ya shiga GTA V, bayan minti goma sai kwamfuta ta mutu kamar an zare waya. Akwai kuma mai tsare wa yayansa shagon gem bayan an tashi daga makaranta, wanda mai gyara ya ce masa katin hoto ya ƙone, a kawo kuɗin wani.

Kafin a kai ga sayen wani, ku tsaya mu yi bincike. Katin hoto yana cikin kayan da suka fi tsada a kwamfutar gem, kuma kafin a samo shi sai an je Zariya ko Kano, ko a yi saƙo daga Computer Village da ke Ikeja a Legas. Kuɗin nan daga gumin wani zai fito, ko na rake ne, ko na tumatir, ko na masara. Sau da yawa kuma kati lafiyarsa ƙalau, wani abu ne daban yake hana shi aiki.

Mene ne katin hoto, wane ne direba?

Hoton da kuke gani a fuskar kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne. Fuska mai awon 1920 sau 1080 tana da ɗigo 2,073,600. Domin motsi ya tafi sumul, ana so a sake zana su sau 60 a kowace daƙiƙa. Ku buga lissafin, za ku samu ɗigo sama da miliyan 124 a daƙiƙa ɗaya. Katin hoto, wanda masu gyara ke kira grafik kad, shi ke wannan jan aiki, shi ya sa yake shan wuta kuma yake zafi. Kamfanoni uku ne suka mamaye harkar: Nvidia, wanda aka kafa a 1993 a Amurka, ya kuma fitar da GeForce 256 a 1999, sai AMD, wanda ya sayi kamfanin ATI mai katin Radeon a 2006, sai Intel, wanda yawancin kwamfutocin ofis da na makaranta ke amfani da nasa da ke haɗe a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Shi kuwa direba a nan ba na mota ba ne. Manhaja ce da ke aikin tafinta tsakanin Windows da katin. Gem ya ce a zana fili da 'yan wasa ashirin da biyu, direba ya juya maganar zuwa yaren da kati ke ji. In tafinta ya rikice, ko lafiyar kati lau, magana ba za ta isa ba.

Akwai wani abu da ya kamata ku riƙe. Tun zamanin Windows Vista, akwai mai gadi a cikin Windows da ake kira TDR. Idan kati ya yi daƙiƙa 2 bai amsa kira ba, sai mai gadin ya kashe direba ya sake tayar da shi. Lokacin ne fuska ke yin baƙi ta dawo, sai saƙo ya fito cewa direban hoto ya daina amsawa amma ya farfaɗo. In bai farfaɗo ba, sai shuɗiyar fuska ta bayyana da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE. Wannan saƙo bai ce direba ne mai laifi ba. Abin da ya ce kawai shi ne kati ya yi shiru. Zafi kan sa shi shiru, ƙarancin wuta kan sa, direba ma kan sa.

Ƙa'idoji biyu kafin a taɓa komai

Ku tambayi yayyenku da ke karatun aikin lafiya a kwalejin Shehu Idris da ke Makarfi: ba a ba marar lafiya magani sai an ji inda ke masa ciwo da lokacin da ya fara. Haka ita ma kwamfuta. Ku ware shafi a bayan littafi ku rubuta: wane gem ne, minti nawa aka yi kafin matsalar ta zo, da rana ne ko da dare, a wutar gari ake ko a janareta, kuma me aka canza kwanan nan.

Ƙa'ida ta biyu: abu ɗaya ake canzawa, a gwada, sannan a wuce na gaba. Wanda ya goge ƙura, ya sauya direba, ya sauya waya duk a lokaci guda, ko ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba, kuma gobe in ta dawo zai koma gidan jiya. A fara da abin da ba ya cin ko sisi, a bar mai tsada a ƙarshe.

Alamu ma suna nuna hanya. Idan kwamfuta ta fara lafiya, sai bayan minti goma ko ashirin ta soma nauyi, fanka na gurnani, zafi za a fara zargi. Idan ta mutu ɗif ko ta sake tashi da kanta ba tare da wani saƙo ba, a duba wuta. Idan gem ɗaya ne kawai ke rufewa ya dawo da ku fuskar Windows, sauran kuwa lafiya, a duba gem ɗin da direba. Idan kuma layuka ko ɗigo-ɗigo masu launi suna fitowa tun lokacin da tambarin kamfani ya bayyana, kafin Windows ta hau, to direba bai ma fara aiki ba, saura waya ko monita ko katin kansa.

Mataki na 1: waya da mazauni

Ku leƙa bayan kwamfuta. Akwai ramukan hoto na sama, waɗanda ke jikin babban faranti da masu gyara ke kira bod, akwai kuma na ƙasa da ke jikin katin. Wayar monita a jikin kati take shiga. Wasu sukan sa ta a sama, su yi ta mamakin yadda gem ke jan ƙafa, alhali katin yana zaune ba ya aikin komai. Bayan haka ku ari wata wayar HDMI ko VGA ku gwada, ku kuma gwada da wata talabijin. Kwamfutar da aka ɗauko a kan babur ko a but ɗin mota daga Zariya zuwa Ikara ta sha girgiza, don haka kati kan ɗan zame daga mazauninsa. A kashe, a zare wayar wuta daga bango, a cire katin a mayar har sai an ji ɗan maƙallin ya kama.

Gargaɗi: a lokacin hunturu iska ta bushe, jiki na tara wutar nan da ke yin ƙyas idan kun cire rigar sanyi ko kun taɓa ƙofar mota. Tartsatsin da ku ba zai yi muku komai ba yana iya kashe kati. Ku fara taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar, kuma a gefe-gefe ake riƙe kati, ba a taɓa haƙoransa masu ruwan zinare.

Mataki na 2: ƙura da zafi

A yankinmu wannan ne babban abokin gaba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina, musamman shagon da ke bakin titi ko kusa da kasuwa. Ƙurar ta toshe tsakanin ƙarafan da ke fitar da zafi, sannan bazara ta iso a Maris da Afrilu, zafin gari ya doshi digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Fankar da iska mai zafi take zuƙa ba za ta iya sanyaya komai ba.

Kada ku yi awo da tafin hannu. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta irin su GPU-Z da HWMonitor da ke nuna zafin kati. Ku buɗe ɗaya, ku yi wasa na minti goma sha biyar, ku duba. Yawancin katuna kan yi aiki tsakanin digiri 60 zuwa 80 idan ana gem. In ya wuce haka sai kati ya fara rage gudu da kansa don ya tsira, shi ne nauyin da kuke gani. In kuna ganin 90 ko sama, a dakata da wasa.

Maganin ba shi da tsada. A fitar da kwamfutar waje, a hure ta da bulowa ko famfon keke, a bi da busasshen buroshi mai laushi. Ku riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa don kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima ta lalace. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da hurawa da baki. Sannan a ɗaga kwamfutar daga ƙasa, a ba ta tazara da bango, a cire ƙyallen da ake lulluɓa mata idan tana aiki. Mai laftof kuma ya daina ɗora ta a kan katifa ko darduma mai kauri, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Idan an yi duk wannan zafi bai sauka ba, mai yiwuwa man sanyaya da ke tsakanin ƙwaƙwalwar kati da ƙarfensa ya bushe. Wannan aikin a kai wa wanda ya saba.

Mataki na 3: wuta

Yawancin kwamfutocin gem da ke garuruwanmu tsofaffin kwamfutocin ofis ne na gwanjo, irin su HP da Dell, da aka ƙara musu kati. Akwatin raba wuta da ke cikinsu, wato fawa-fak, an yi shi ne don aikin rubutu. Ƙananan kan ba da wat 180 zuwa 255 kacal. Ga abin da katuna ke ci: GT 1030 wat 30, GTX 750 Ti wat 60, GTX 1050 Ti wat 75, GTX 1060 wat 120, RX 580 kuwa wat 185. Mazaunin kati a jikin bod ba ya ba da fiye da wat 75. Duk katin da ya wuce haka sai an ba shi ƙarin waya daga fawa-fak: mai baki 6 tana ƙara wat 75, mai baki 8 tana ƙara 150.

Yanzu ku ɗauki RX 580 ku haɗa shi da ƙwaƙwalwa mai cin wat 65, da sauran kaya kamar wat 50. Jimla 300 ke nan. Fawa-fak mai 240 zai kunna kwamfutar, za a iya rubutu da kallon fim, amma da zarar gem ya ɗauki zafi sai ya sake. Kamar a ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Lambar wat tana rubuce a takardar da ke manne a jikin fawa-fak, ku karanta ta.

Sai wutar da ke shigowa daga waje. Ƙa'idar wutar Najeriya bolt 230 ce, amma duk mun san yadda takan zo ƙasa-ƙasa, kwan fitila ya yi ja kamar garwashi. Ƙaramin janareta kuma in an haɗa masa talabijin uku da firij, duk lokacin da firij ya tashi sai wuta ta nutse na ɗan lokaci, kwamfuta ta mutu. Gwajin mai sauƙi ne: a cire sauran kaya a bar kwamfuta da monita kawai. In matsalar ta tafi, kati ba shi da laifi. Sitabilaiza ko UPS mai isasshen ƙarfi ya fi kati araha. Da damina kuma, in hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare waya daga bango.

Abu ɗaya da ba mu yarda wani ɗalibi ya yi ba shi ne kwance fawa-fak. Akwai kayan da ke riƙe wuta a cikinsa ko bayan an zare shi, kuma tana iya kisa.

Mataki na 4: direba

Idan zafi daidai, wuta daidai, sai a juyo kan tafinta. In fuska ta daskare amma kuna jin sauti, ku danna Windows da Ctrl da Shift da B tare. Za ku ji ɗan ƙara, fuska ta ƙifta, direba ya sake tashi. Don sanin katin da kuke da shi da lambar direbansa, ku danna Windows da R, ku rubuta dxdiag, ku shiga shafin Display. A shuɗiyar fuska kuma sunan fayil kan tona asiri: nvlddmkm.sys na Nvidia ne, atikmpag.sys na AMD, igdkmd64.sys na Intel. Ku ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace.

Idan matsalar ta fara ne bayan an sabunta direba, a koma tsohon. Ku buɗe Device Manager, ku shiga Display adapters, ku danna sunan kati sau biyu, a shafin Driver akwai Roll Back Driver. Sabo ba kullum ya fi tsoho ba, musamman ga tsohon kati. Idan kuma an cire katin AMD an sa na Nvidia, ko akasin haka, ragowar tsohon direba kan yi faɗa da sabon. A nan ake amfani da manhajar DDU, wadda ke share direban hoto kakaf. Tsarin shi ne: a fara sauko da direban da ya dace a ajiye, a cire intanet, a riƙe Shift a danna Restart don shiga Safe Mode, a share da DDU, a sake kunnawa, a sa sabon, sannan a mayar da intanet. In ba a cire intanet ba, Windows kan riga ku ta sa nata.

Daga ina za a samo direba? Daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel kawai, mai laftof kuma ya fara duba shafin kamfanin da ya ƙera ta. Mun san direba ɗaya kan cinye data megabait ɗari shida ko fiye, kuma sabis ba ko'ina yake da ƙarfi ba. Dabarar ita ce mutum ɗaya ya sauko da shi in ya shiga gari, a ajiye a filas, a rubuta lambarsa, kowa ya amfana. Ku guji manhajojin da ke alkawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya. Ku kuma sani cewa tsofaffin katuna suna da direban ƙarshe. Misali, katunan GTX 600 da yawancin GTX 700 na Nvidia a jerin 470 suka tsaya tun 2021, haka ma AMD ta daina fitar da sababbi ga R9 200 da R9 300 a shekarar. Ita kanta Windows 10, Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Mataki na 5: gem ɗin kansa

Gem da aka tura daga filas zuwa filas sau biyar yana iya rasa wani fayil, kuma waɗanda aka fasa aka raba kyauta sukan zo da ƙwayar cuta, har da irin wadda ke sa kati haƙar kuɗin intanet a ɓoye wa wani can. Alamarta ita ce kati ya yi ta zafi ko ba a buɗe komai ba. Sannan kowane gem yana da mafi ƙarancin abin da yake buƙata. Kati mai gigabait 2 ba zai ɗauki abin da aka yi wa mai 6 ba. A rage awon fuska zuwa 1280 sau 720, a rage inuwa, a gani. Masu ƙara wa kati gudu da MSI Afterburner kuma su mayar da shi yadda ya zo. Garin neman ƙiba ake samo rama.

Mataki na 6: hukunci

Yanzu ne za a gurfanar da kati. A cire shi a sa a kwamfutar wani da aka san lafiyarta, wadda fawa-fak ɗinta ya isa. In ya yi aiki a can, matsalar tana gida: wuta, ko ram, ko bod. Don gwada ram, ku danna Windows da R ku rubuta mdsched. In kuwa a can ma layukan sun fito, ko Device Manager ya ci gaba da nuna Code 43 bayan an sa direba mai kyau, to kati ya gaza. Za ku ga bidiyon masu gasa kati a tanda ko da na'urar hura zafi. Ko ya tashi, sau da yawa na ɗan lokaci ne, ga hayaƙi mai guba. Kada ku gwada a gidan iyayenku.

In sayen ya zama dole

Araha ba ta ado. Akwai jabun katuna da aka ɗauki tsohon GTS 450 aka sauya masa suna ya koma GTX 1050 Ti. Irinsu kan ƙi karɓar direban Nvidia na gaskiya, shi ya sa ake haɗo su da faifai nasu. GPU-Z kan gane da yawa daga cikinsu ya rubuta FAKE a gaban sunan. Haka kuma bayan da tsarin Ethereum ya daina amfani da katin hoto wajen haƙa a ranar 15 ga Satumba, 2022, katuna masu yawa da suka shekara suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwar gwanjo, RX 580 na gaba-gaba. Ba duka ne marasa kyau ba, amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku tafi da babba, a sa katin a gabanku, a yi gem na rabin awa ana duba zafi, a karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin da za a iya mayarwa.

Wannan ilmi bai tsaya a gem ba. Kwamfutocin ɗakin karatu na makarantarku da na cibiyoyin da ake zana jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ƙura ɗaya suke sha, wuta ɗaya suke fama da ita. Ɗalibi ko ɗalibar da ta iya bin matakan nan ɗaya bayan ɗaya ta kama hanyar sana'a, kuma irin tunanin da ake buƙata ke nan a darasin Fiziks. Sai dai a nemi izinin malami kafin a buɗe kwamfutar makaranta, a kuma bar gem sai an gama aikin gida.

Tambayar mako: wani yana da kwamfuta mai fawa-fak na wat 240. Ƙwaƙwalwarta na cin wat 65, sauran kaya wat 50, yana so ya sa GTX 1060. Nawa ne jimlar? Za ku ba shi shawara ya sa ko kada ya sa? Ku kawo dalilai biyu, ku aiko da sunan makarantarku da ajinku. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake zaɓen sitabilaiza da UPS daidai da kayan da ake da su. Mu kwana nan.